Wa ke biyan kuɗin binciken likita, kuma me kuɗin ke sayowa?

Malam Habibu: Salamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga likitocinmu ce da lauyoyinmu. A Birtaniya, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, wato GMC, ita ke karɓar ƙorafi a kansu, ita ke bincike, ita ke gurfanar da su gaban kwamitin ladabtarwa. Kuɗin aikinta ba daga baitulmali yake fitowa ba, daga aljihun likitocin ne. Kuɗin cikakkiyar rajista ya haura fam 400 a shekara. Abin da hukumar ke kashewa a shekara ya haura fam miliyan 100, kuma binciken ƙorafi ne ke lashe kaso mafi tsoka. Ni akanta ne, don haka abin ya tsaya mini a rai. Ta yaya wanda ake bincika zai zama shi ke ciyar da mai bincikensa? Sannan wannan maƙudan kuɗi, me yake sayo wa majinyaci?

Auwal: Wa alaikumus salam. An ba kura ajiyar nama ke nan, Malam.

Dakta Zainab: Auwal, bari ka gama karatu ka fara biya tukuna. Ban taɓa haɗuwa da likitan da ke ganin GMC tasa ce ba. Kuɗin nan ba gudummawa ba ce, sharaɗi ne, in ba ka biya ba sunanka ya fita daga rajista, ba ka ba aiki. Kuma biyan bai ba ka bakin magana ba. A da can majalisar hukumar ta haura mutum 100, mafi yawansu likitoci ne da 'yan'uwansu suka zaɓa. Tun 2013 mutum 12 ne kacal, rabi likitoci, rabi ba likitoci ba, kuma naɗa su ake yi, ba zaɓe ba. Mu ke biya, amma ba mu ke juya akalar ba.

Barista Nuhu: Gaskiyar Dakta ce, sai dai tsoron Auwal ma yana da tushe, don a kansa aka sake ginin gaba ɗaya. An kafa GMC tun 1858, kuma ta shafe fiye da ƙarni a matsayin likitoci masu sa wa junansu ido. Abin da ya tona asirin wannan tsari shi ne Harold Shipman, likitan da kotu ta samu da laifin kashe majinyata 15 a Janairun 2000. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Janet Smith daga baya ya gano aƙalla 215. Mutumin nan tun 1976 an hukunta shi kan takardun magani na jabu da yake rubuta wa kansa, amma hukumar ba ta cire shi ba, ya koma aiki abinsa. A rahotonta na biyar, na Disambar 2004, Smith ta ce hukumar ta fi karkata ga kare likitoci a kan kare majinyata, ta kuma nemi a raba mai bincike da mai yanke hukunci.

Ga inda tambayarka ta shigo, Malam Habibu. Gwamnati ta amsa, dokar 2008 ta tanadi sabuwar hukuma mai zaman kanta, OHPA, wadda aikinta kawai sauraron shari'ar likitoci. An naɗa mata shugabanni, an fara shiri. Da sabuwar gwamnati ta hau a 2010, a lokacin tsuke bakin aljihu, sai ta ce tsadar abin ta fi amfaninsa, ta soke ta ba ta saurari ko ƙara ɗaya ba. A madadinta aka buɗe MPTS, sashen da ke sauraron shari'ar likitoci, a Manchesta cikin Yunin 2012. Tana da shugabanta, tana zaɓar masu zaman shari'a da kanta, tana kai rahoto ga majalisar dokoki. Amma har yau reshen GMC ce, daga asusun GMC take ci.

Malam Habibu: Wato dai an nemi a raba gida, sai aka ga haya ta yi tsada, aka ja bango a tsakar ɗaki.

Barista Nuhu: Kusan haka. Ko da yake, don adalci, ko OHPA ta rayu, kuɗin tafiyar da ita a kan likitocin zai dawo. Kafawar ce kawai ta gwamnati.

Maman Ilham: Ku yi mini afuwa in katse ku, ni ba likita ba ce, ba lauya ba, wadda ta taɓa kai ƙorafi ce. Mahaifiyata ta kwana a wani asibiti tana kuka da ciwon ciki, likitan dare ya ce ba komai, da safe aka shiga da ita tiyata a gaggauce. Allah ya yi da sauran kwananta. Na zauna na rubuta komai dalla-dalla, da lokacin da na danna ƙararrawa, da abin da aka ce mini. Amsar da ta zo shafi ɗaya da rabi ce: sun yi juyayi, sun duba, abin bai kai matakin da za su buɗe bincike ba, in koma ga asibitin. Na koma, asibitin ya turo takarda mai kama da ita. Ni ba korar kowa nake nema ba. So nake wani ya zauna da ni ya ce ga abin da ya faru a daren nan, ga dalilin da ba a kira babban likita ba. To in miliyan 100 ba ta iya sayo mini wannan ba, me take yi?

Dakta Zainab: Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Abin da ya same ki, Maman Ilham, shi ke samun mafi yawan masu rubuto ƙorafi, kuma a ganina nan ne ɓarnar kuɗin take. Dubban ƙorafe-ƙorafe ke shiga hukumar duk shekara, galibinsu daga jama'ar gari. Mafi rinjaye a matakin tacewa ake rufe su. Waɗanda ke kai wa gaban MPTS ɗaruruwa ne kaɗan. Dalili shi ne tambaya ɗaya kawai doka ta ba hukumar ta amsa: shin wannan likita ya cancanci ci gaba da aiki ba tare da an gindaya masa sharaɗi ba? Ba ta biyan diyya, ba ta tilasta a ba da haƙuri, ba ta bayyana wa iyali abin da ya faru. Ke kin je da wata tambaya daban, aka biya ma'aikaci albashi ya karanta takardarki tsaf, don kawai ya gaya miki ba ƙofar ba ke nan.

Auwal: To ai wannan arha ce, Anti. Karanta takarda nawa zai ci?

Dakta Zainab: Ɗaya ba ta cin komai, dubbai ne ke ci. Amma babban kuɗin yana can gaba, in an buɗe bincike. Sai an nemo fayil daga asibiti, wani lokaci shafi dubu, an ɗauki bayanin shaidu, an biya ƙwararren likita mai zaman kansa ya rubuta rahoto. In ana shakkar lafiyar likitan ko ƙwarewarsa, sai an sa wasu likitocin su gwada shi. Daga nan mutum biyu, ɗaya likita ɗaya ba likita ba, su yanke ko a rufe, ko a yi gargaɗi, ko a tura gaba. In an tura gaba, ga masu zama mutum uku, ga lauyoyin hukuma, ga zaman da kan ɗauki makonni. Likitan shi ma yana da nasa lauyoyin, daga ƙungiyar kariyar da yake biya daban, irin su MDU da aka kafa tun 1885. Wato ɓangarorin biyu duk daga albashinsa ake ciyar da su.

Akwai wanda muka yi aiki tare da aka turo wa wasiƙar buɗe bincike. Mutum mai raha, sai ya koma ba ya sallamar majinyaci sai ya kira babba ya sa hannu. Bayan tashi daga aiki za ka tarar da shi a gaban kwamfuta yana sake karanta abin da ya rubuta da safe, yana ƙara layi. Duk neman aikin da zai yi sai ya cike gurbin da ke tambaya ko ana bincikensa. An fi shekara a haka, sannan aka rufe ba tare da an same shi da komai ba. Wannan shekarar ba ta cikin lissafin kowace hukuma.

Hajiya Binta: Allah ya yi miki albarka, 'yata, kin taɓo inda nake jira. Na yi aikin jinya har na yi ritaya, na ga yadda wasiƙa ɗaya ke sauya ɗakin majinyata gaba ɗaya. Gwajin da ba a buƙata sai a yi, hoton da ba a buƙata sai a ɗauka, don kada gobe a ce me ya sa ba a yi ba. In an dakatar da likita na wucin gadi, kuma dokarsu ta yarda a yi hakan har wata 18 kafin a nemi ƙarin lokaci a babbar kotu, asibiti sai ya ɗauko likitan haya wanda ya fi tsada. Malam Habibu, ka sa wannan a littafinka. Sannan ka sa abin da ba shi da farashi: bitar da GMC da kanta ta sa aka yi, wadda ta fito a 2014, ta samu likitoci 28 da suka kashe kansu, ko ake kyautata zaton haka, suna cikin bincike, tsakanin 2005 da 2013.

Malam Habibu: Innalillahi. Hajiya, na rubuta. Abin da nake hangowa shi ne jinkiri ya fi komai tsada, kuma shi ne ba ya bayyana a kasafin hukumar. Hasali ma hukuma na iya nuna ta rage kashe kuɗi ta hanyar rage masu bincike, fayil ya daɗe a kan tebur, asibiti da likita da mai ƙorafi su biya bambancin.

Barista Nuhu: Akwai wani hawa kuma da ba a ambata ba, kuma shi ne ainihin kuɗin sa ido a kan mai sa ido. A saman GMC akwai PSA, hukumar da ke duba aikin hukumomin ma'aikatan lafiya guda 10. Tana bitar hukuncin da kwamitocin ladabtarwa suka yanke, in ta ga an yi sassaucin da zai cutar da jama'a ta kai babbar kotu. Tun 2015 ita ma daga kuɗin waɗannan hukumomi take ci, ma'ana daga masu rajista. A ƙarshen 2015 ɗin kuma aka ba GMC ikon ɗaukaka ƙara a kan hukuncin MPTS. Ka ga an samu hukumomi biyu masu ikon ƙalubalantar hukunci guda, ɗayarsu ma reshenta take kai wa kotu.

Auwal: Ba wannan ikon aka yi amfani da shi a kan Dakta Hadiza Bawa-Garba ba?

Barista Nuhu: Shi ne. Yaro ɗan shekara 6, Jack Adcock, ya rasu a asibitin Lesta cikin Fabrairun 2011 sakamakon ƙwayoyin cuta da suka shiga jininsa. A 2015 kotu ta sami likitar da laifin kisa ta hanyar mummunan sakaci, ta yi mata ɗaurin shekara 2 na jeka-ka-gyara-halinka. A 2017 MPTS ta dakatar da ita wata 12, bayan ta yi la'akari da halin da asibitin ke ciki a ranar: ƙarancin ma'aikata, kwamfutar sakamakon gwaji ta tsaya na sa'o'i, ita kuma dawowarta ke nan daga hutun haihuwa tana riƙe da sassa da dama. GMC ta ce hukuncin ya yi sauƙi, ta ɗaukaka ƙara, babbar kotu ta soke rajistar likitar a Janairun 2018. Likitoci suka yi karo-karo ta intanet, suka tara sama da fam 300,000, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe wancan hukunci a Agustan 2018. An zagaya an dawo kan abin da MPTS ta yanke tun farko. Kwamitin da gwamnati ta kafa ƙarƙashin Farfesa Norman Williams ya ba da shawara a shekarar a karɓe wannan iko daga GMC, tunda PSA na nan.

Dakta Zainab: Kuma ka lura, kuɗinmu ne ya biya lauyoyin da suka kai ta, kuɗinmu ne ya biya waɗanda suka kare ta.

Maman Ilham: Dakta, da girmamawa, a nan kam ban bi ki ba. Kuna ta lissafin abin da likitoci suka kashe, yaron fa? Uwarsa ta kai shi asibiti da safe, da dare ya rasu. Masu taya alƙali hukunci sun saurari shaidu suka ce sakacin ya wuce misali. Da ni ce uwar, aka ce mini bayan wata 12 za ta koma aiki, da na so a samu wanda zai ɗaukaka ƙara, ko nawa zai ci. Likitar ta samu dubban abokan aiki da suka tara mata kuɗi. Mu masu ƙorafi wa ke tara mana?

Dakta Zainab: Ba na musa miki zafin uwar ko kaɗan. Abin da nake cewa shi ne duk wannan kuɗi an kashe shi ne a kan tambayar ko mace ɗaya za ta ci gaba da aiki. GMC ba ta da hurumin hukunta asibitin da ya bar likita ɗaya da aikin mutum da yawa. Bayan shari'ar, ƙananan likitoci da dama sun ji tsoron rubuta kurakuransu a kundin koyo, don gudun kada wata rana ya zama hujja a kansu. Kuskuren da ba a rubuta ba kuwa, wani zai maimaita shi a kan ɗan wani.

Maman Ilham: Na ji, amma ban gamsu ba. Gyaran asibiti daban, alhakin mutum daban.

Hajiya Binta: Ku bar wannan a haka, ba za ku haɗu ba, kuma kowaccenku da hujjarta. Ni misalin da ya fi ba ni haushi ƙarami ne. A 2022 an dakatar da Dakta Manjula Arora wata guda saboda kalma ɗaya: ta ce an yi mata alƙawarin kwamfutar tafi-da-gidanka a wurin aiki, aka ce ba alƙawari aka yi ba, don haka ta yi rashin gaskiya. Ba majinyacin da ya cutu. Daga baya aka soke hukuncin, hukumar ta ba da haƙuri. Lauyoyi da masu zama duk an biya su a kan wannan, alhali takardar Maman Ilham shafi ɗaya da rabi ta samu.

Dakta Zainab: Kuma ba kowa irin wannan ke faɗa wa ba. Rahoton da GMC ta fitar a 2019 ya nuna asibitoci sun fi tura likitoci 'yan ƙananan ƙabilu gabanta har ninki biyu a kan fararen fata, waɗanda suka yi karatu a wajen Birtaniya kuma ninki biyu da rabi a kan waɗanda suka yi a cikinta. Ƙorafin da ya fito daga wurin aiki kuwa shi ya fi kaiwa ga cikakken bincike. Manajan da ya gaji da wani likita, tura shi gaban hukuma bai ci masa ko kwabo ba, wasu ne za su biya.

Auwal: To a koma gwamnati ta biya mana, kowa ya huta.

Barista Nuhu: Ka manta wa ya soke OHPA? Hukumar da ke jiran kasafin minista, ranar da aljihu ya tsuke ita ake fara yanka. Ga shi kuma gwamnati ce ke da NHS, wato hukumar kiwon lafiya ta ƙasa, wadda ita ce babbar mai ɗaukar likitoci aiki, kuma tana biyan sama da fam biliyan 2 a shekara kan diyyar sakaci a Ingila kaɗai. Ba na son mai biyan diyya ya zama shi ke riƙe da albashin mai bincike. A wajena gara likitoci su ci gaba da biya, da sharaɗin ba su ke juya hukumar ba.

Akwai ƙasar da ta bi wata hanya. A Niyu Zilan tun 1974 wanda ya ji rauni, har da raunin da jinya ta jawo, asusun ƙasa ke biyansa, ba sai ya maka likita a kotu ba. A 1994 suka kafa kwamishina mai karɓar ƙorafin majinyata, da masu taimaka wa mai ƙorafi kyauta, kuma akasarin ƙorafi a can ake sasanta shi. Mai tsananin ne kawai ke zuwa kotun ladabtarwa, wadda guda ɗaya ce ga duk ma'aikatan lafiya. Su ma suna fama da tarin fayil da jinkiri, kada a ɗauka aljanna ce. Amma irin su Maman Ilham suna da ƙofar da aka gina domin tambayarsu.

Hajiya Binta: A Amurka ma asibitin Jami'ar Mishigan ya fara wani abu tun 2001: in an yi kuskure su faɗa wa iyali da bakinsu, su ba da haƙuri, su yi tayin diyya in ta kama. Ƙararrakin da ake kai su sun ragu. Ingila ta sa wa asibitoci dokar faɗin gaskiya a 2014, bayan abin kunyar sakaci da majinyata a asibitin Stafod. Dokar tana nan, amma zama da iyali na awa guda yana buƙatar babban likitan da ke da awa gudan, shi kuma ba ya cikin jadawalin kowa.

Malam Habibu: Ni dai in za a ba ni alƙalamin, ba zan rage kuɗin ba, matsar da shi zan yi. A ƙara ƙwararru a matakin tacewa, likitoci da lauyoyi masu iya ɗaga waya su nemo fayil cikin makonni, kamar ɗan binciken share fage da GMC ta fara yi kafin buɗe cikakke. A bar ɗaukaka ƙara ga hukuma ɗaya. Asibitin da ya tura likita a kan abin da ya kamata ya warware a cikin gida, a caje shi wani kaso. Sannan kowace shekara a wallafa, kusa da abin da aka kashe, adadin watannin da likitocin da aka wanke suka yi suna jira.

Dakta Zainab: Cajin asibiti yana da haɗari, Malam. Manajan da zai biya in ya tura, gobe zai rufe bakinsa a kan likitan da ya kamata a tura. Ka tuna Shipman, ba yawan kai rahoto ne ya bar shi ya daɗe ba.

Malam Habibu: To a cire cajin, a wallafa sunayen asibitoci da adadin waɗanda suka tura da adadin da aka yi watsi da su. Kunya ma kuɗi ce a wurin manaja.

Maman Ilham: Barista, tambaya ta ƙarshe daga gare ni. A ce ƙorafina ya kai gaban MPTS ɗin. Hukuma da lauyanta, likita da lauyansa. Ni wa zai tsaya mini?

Barista Nuhu: Babu. A shari'ar ba ke ce mai ƙara ba, GMC ce. Ke shaida ce, za a kira ki, lauyan likita ya yi miki tambayoyi, ki tafi. In hukuncin bai yi miki ba, ba ki da ikon ɗaukaka ƙara, sai dai ki rubuta wa PSA ki roƙe ta ta duba. In kuma tun a farko aka rufe, kamar naki, kina iya neman hukumar ta sake duba shawararta, amma sai kin nuna an tafka kuskure a ciki ko kin kawo sabon bayani. Bayan wannan sai babbar kotu, da lauyan da za ki biya daga aljihunki. Kuma ki lura da lokaci: abin da ya wuce shekara 5 da faruwa ba kasafai suke buɗe shi ba, sai in sun ga maslahar jama'a ta buƙaci haka.